Girma Ya Zo, Hanya Ba Ta Buɗe Ba: Tambayoyin Matasa Masu Bi a Maraɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama da matasan ikilisiyarmu a nan Maraɗi duk yammacin Asabar. Muna karatu, muna waƙa, muna addu'a, amma tambayoyin da ke cin mutum a rai ba a cikin taro suke fitowa ba. Sai an watse, wani ya rako ni bakin titi yana tura babur, ko wata ta aiko saƙo ta WhatsApp bayan gari ya yi tsit. Da na lura tambayoyin kusan iri ɗaya ne shekara da shekaru, sai na tattara su a nan, na cire duk abin da zai sa a gane mai tambaya. Ni ba fasto ba ne, malamin lakkol ne. Abin da na rubuta, ku auna shi da Littafi Mai Tsarki, ku kuma kai wa fastonku da dattawanku.

Malam, yaushe ne za a ce mutum ya zama babba?

Hukuma ta ce in ka cika shekara 18 kana iya jefa ƙuri'a. Gari kuwa ya ce sai ka yi aure. Namiji mai shekara 35 in ba shi da mata, a unguwa har yanzu tuzuru ne, ba a sa shi cikin shawarar manya. Fada kuma, wato majalisar samari ta shan shayi, tana da nata ma'auni: babur, babbar waya, da iya sayen sukari da ganyen shayi ba tare da an yi karo-karo ba.

Littafi Mai Tsarki bai yanka wata shekara ba. Yusufu yana da shekara 17 ƴan'uwansa suka sayar da shi, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da 30. Dawuda ya hau sarauta yana da 30, alhali tun yana yaro mai kiwo aka shafa masa mai. Ishaku ya auri Rifkatu yana da 40, bai ga ƴaƴa ba sai yana da 60. Ubangiji Yesu kansa, Luka ya ce yana da wajen shekara 30 ya fara hidimarsa a fili, kafin nan mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi.

Nawa ma'aunin shi ne amana. In aka ba ka ajiya, a tarar da ita yadda aka ba ka. In ka ce gobe, goben ce. In ka yi laifi, ka ce ni ne, ba ka nemi wanda za ka rataya wa ba. Na san mai shekara 19 da ke riƙe da ƙannensa huɗu tun rasuwar mahaifinsu, na kuma san magidanci mai ƴaƴa uku da har yau uwarsa ke biya masa bashi. Kun san wanda zan kira babba a cikinsu.

Sau biyu ina faɗuwa BAC, jarrabawar gama sakandare. Abokaina suna jami'a. Allah ya yashe ni ne?

Ƙanena, bai yashe ka ba. Ni ma sai a karo na biyu na samu. Ina tuna ranar da aka fidda sakamako a karo na farko, aka gama kiran sunaye ban ji nawa ba, na kasa komawa gida sai bayan magariba don kada in haɗa ido da mahaifiyata, wadda ta sayar da akuyarta ta saya mini littattafai. Na yi wata uku ban taka majami'a ba. Fushi nake da Allah, domin na yi azumi, na yi addu'a, a ganina mun riga mun ƙulla ciniki.

Nan kuskurena yake. Addu'a ba ciniki ba ce, azumi kuma ba kuɗin sayen sakamako ba ne. Wani dattijo ne ya zo har gida ya zaunar da ni, bai yi mini wa'azi ba, ya ce in kawo takardar makina. Muka duba tare, sai ga shi lissafi ne ya kayar da ni, kuma shekara guda ina guje masa ina karanta abin da na riga na iya.

Don haka ka fara daga nan. Ka dubi makinka da idon gaskiya. In darasi ɗaya ko biyu ne suka ja ka ƙasa, nemi wanda ya fi ka, ku yi ƙungiyar bita, ka sake zama. In kuwa ka ga zuciyarka da ƙwaƙwalwarka duk suna wajen aikin hannu, to babu aya ko ɗaya da ta ce sai da BAC ake bauta wa Allah. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka saurari mai ce maka yana da takardun jarrabawa na sayarwa. Takardar da ka samu da sata za ta bi ka duk inda ka kai ta, kai ka sani, Allah ya sani.

Mene ne bambancin dogara ga Allah da zaman jiran tsammani?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, don haka zan daɗe a kanta.

Ku dubi manomin ƙauyukan da ke kewaye da mu. Tun rani yake sharar gona, ya kai taki, ya ɓoye irin gero ko da yunwa na cin gidan. Wani ma yakan yi binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Ba shi da iko da ɗigon ruwa ko ɗaya. To amma ba ka taɓa jin manomi ya ce tunda ruwa na Allah ne, bari in kwanta sai ya sauka. Nasa ya yi, na Allah ya bar wa Allah. Wanda bai yi sharar gona ba, ko an yi damina mai albarka, ciyawa zai girbe.

Haka Nehemiya ya yi sa'ad da maƙiya suka yi niyyar auka wa masu ginin garun Urushalima: suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa matsara dare da rana. Ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba.

Akwai maganganu biyu da ke yawo a bakinmu da nake so mu yi hattara da su. Ta farko ita ce "haka Allah ya so", wadda gaskiya ce a wurin makoki, amma takan zama mayafin lalaci a bakin saurayin da bai kai takardar neman aiki ko'ina ba. Ta biyu ita ce "Allah ya ce tashi in taimake ka". Karin maganar gari ce, ba aya ba ce, kuma in aka ja ta da nisa sai mutum ya ɗauka Allah ba ya taimakon wanda ya kasa tashi. Alhali bisharar da muka karɓa ta marasa ƙarfi ce. Tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Ayar da matasa suka fi ɗorawa a waya ita ce Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake yi wa mutanensa, shiri na alheri. Aya ce mai daɗi, ni ma ina riƙe da ita. Amma ku karanta surar daga farko. Wasiƙa ce zuwa ga bayin da aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. A surar da ta gabata wani annabi mai suna Hananiya ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai, ƙarya ce kuwa. Abin da Allah ya ce su yi a lokacin jira shi ne su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke, su yi masa addu'a. Wato jira mai aiki. Yawancin waɗanda suka ji karatun wasiƙar nan ba su ga ranar komawa da idonsu ba, duk da haka Allah bai saɓa alkawari ba.

To dogara ita ce ka yi abin da ke hannunka yau da gaskiya, ka bar wa Allah ranar da za a biya ka da irin biyan. Jadawalin ba naka ba ne.

Na gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na yi bautar ƙasa shekara biyu, ga ni zaune. Ba abin kunya ba ne a gan ni ina kabu-kabu?

Ba kunya. Kunya tana ga mai digiri da ke karɓar kuɗin kati a hannun ƙanwarsa mai sayar da ƙosai. Bulus malami ne da ya yi karatu a gaban Gamaliyel, amma a Koranti ɗinkin tanti ya yi don ya ci da kansa, shi ne kuma ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Maraɗi ba albashi ya gina ta ba, kasuwa ce. Alhazan da ake labarinsu da yawansu daga talla da yaron shago suka faro, a zamanin cinikin gyaɗa da fatauci zuwa Katsina da Kano. Mu masu bi mun fi karkata ga aikin koyarwa, aikin asibiti da ofis, don ta nan kakanninmu suka shiga, ta makarantun mishan da wurare irin su garin Tsibiri da asibitin Danja. Gado ne mai kyau. Sai dai ya sa wasunmu suna raina awo da sikeli, alhali gwamnati ba ta iya ɗaukar duk wanda jami'a ta yaye.

Akwai wani abu da ya faru a ƙasar nan tamu da nake yawan ba matasa labarinsa. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM, ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a yankin Maraɗi suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara a gona ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe saura, a kare su daga dabbobi. Shi ne sassaben zamani, wanda manoma suka ɗauka suka yaɗa har gonaki suka sake yin inuwa. Ba sabon iri aka kawo daga waje ba.

Ka dubi naka kututturen. Me ka taso ka tarar ana yi a gidanku? Ɗinki ne, walda, kiwon jar akuya, sarin aya ko wake lokacin kaka? Me mutane ke zuwa wurinka ka yi musu kyauta, gyaran waya ko koya wa yara lissafi? Zaɓi ɗaya ka kula da shi, kana ci gaba da kai takardunka duk inda aka buɗe gasar ɗaukar aiki. In kabu-kabu ne, ka yi shi da hular kwano da takardun babur cikakku, kada ka taɓa tramol don ka jure rana, kuma ka shiga adashi tun watan farko. Matan ƙauyukanmu sun nuna wa duniya abin da ƙaramin zubi ke yi: tsarin Mata Masu Dubara a nan yankin Maraɗi ya fara a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa.

An ce in ba da wani abu a sa sunana, wani kuma ya ce in ɓoye cewa ni Kirista ne. In yi?

A'a, duka biyun. Na san ba ni zan kwana da yunwar ba, shi ya sa ba na faɗin wannan da sauƙin baki. Amma aikin da ka shiga ta ƙofar cin hanci, wanda ya shigar da kai ya riƙe wuyanka ke nan. Batun ɓoyewa kuwa, ba dole ba ne ka rubuta addininka a goshi, ba kuma wanda ya ce ka shiga ofis da wa'azi. In dai an tambaye ka, faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a garin da kowa ya san gidan su kowa.

Kada kuma duk ƙofar da aka rufe maka ka ce don addininka ne. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa abokinka Musa da Sani ma an rufe musu ita.

Ina so in tafi Libiya ko wurin haƙar zinariya in tara jari. Zunubi ne?

Tafiya ba zunubi ba ce. Kakanninmu cirani suka yi, Ibrahim da Yakubu da Rut duk baƙunci suka yi. Yakubu manzo dai ya gargaɗi masu cewa gobe za mu je gari kaza mu yi shekara mu ci riba, ya ce ku riƙa cewa in Ubangiji ya yarda.

Tambayoyin da zan yi maka su ne: da takardu za ka tafi ko ta ɓarauniyar hanya? Wa ka sani a can da zai karɓe ka, ka ji muryarsa da kunnenka? Kuɗin motar daga ina, gonar gado za a jinginar? Iyayenka sun sani, ko sai ka kai Agadas za ka kira? Akwai masu bi a inda za ka? Hamada ta cinye mutane da yawa, kuma ba mu manta da ramukan zinariya da suka rufta da mutane a yankin Ɗan Isa cikin watan Nuwamba 2021 ba, nan kusa da mu. Mai dawowa da babur kowa na ganinsa. Wanda bai dawo ba, uwarsa kaɗai ke ƙirga shekaru.

In amsoshinka tsaf suke, ka zo ikilisiya ta yi maka addu'a ka tafi da albarka. In kana jin ba ka son fasto ya sani, to zuciyarka ta riga ta ba ka amsa.

Ina son aure amma kuɗin sun fi ƙarfina. Sai yaushe?

Nan zan yi magana da iyaye ma, don na san suna karantawa. Sadaki da kayan akwati da kayan ɗaki da walima sun kai inda saurayi mai tsoron Allah sai ya shekara biyar yana tari, ko ya ci bashin da zai shiga ɗakin amarya tare da shi. Muna wa'azin tsarki ga matasa, muna kuma gina katanga tsakaninsu da halal. Wannan bai dace ba, kuma laifinmu ne mu manya. Ikilisiyoyin da dattawansu suka zauna suka rage nauyin nan sun yi abin kirki.

Kai kuma ƙanena, kada ka jira sai ka gina gida. Abin da ake nema gare ka shi ne sana'ar da ke kawo abinci kullum, ɗakin da za ku rufe ƙofa ko na haya ne, da halin da mace za ta iya zama da shi. Ni na yi aure ina da shekara 33, cikin ɗaki ɗaya da rumfa, a lokacin da albashina kan yi wata biyu bai zo ba. Mun ci tuwo da miyar kuka kwana da kwanaki, ba mu ci bashin biki ba, kuma har yau ina gode wa surukina da ya ce a kawo abin da ya sawwaƙa.

Kafin a sa rana, ku je asibiti ku biyu a gwada jininku. In kai AS ne ita ma AS ce, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da amosanin jini. Sanin wannan tun da wuri ba rashin bangaskiya ba ne. Ku kuma yi rajistar aurenku a ofishin magajin gari, takardar nan tana kare matar da ƴaƴa ranar da ba a fata.

Ni mace ce, shekarata 27. Ƙawayena na unguwa suna da ƴaƴa huɗu. Masu zuwa wurina duk ba masu bi ba ne. Har yaushe zan jira?

Ƙanwata, wannan tambayar ta fi kowace sa ni yin shiru kafin in amsa. A garin da ake aurar da yarinya tun ba ta gama girma ba, na san abin da kike ji in kin wuce ana ƙus-ƙus, na san kuma tambayar gwaggo a kowane biki da suna. Mu kaɗan ne a Maraɗi, samarinmu kuma da yawa sun tafi Yamai ko ƙetare. Ba ke kika jawo wannan ba.

Ba zan ce miki mijinki na nan tafe bana ba, domin Allah bai gaya mini ba, duk wanda kuma ya ce miki haka don ki ji daɗi bai kyauta miki ba. Abin da na tabbata shi ne darajarki ba ta rataye ga ɗaurin aure ba. A 1 Korantiyawa 7 Bulus ya ɗaukaka zaman marar aure, ya ce yana da damar ba da kansa ga al'amuran Ubangiji, a nan ne kuma ya ce wadda mijinta ya mutu, in za ta sake aure, ta yi shi cikin Ubangiji.

Game da mai neman ki da ba mai bi ba: yana iya zama mutumin kirki ƙwarai, ba na musu. Amma ki tambayi kanki abin da zai biyo baya. Ran suna wa zai raɗa wa yaron suna, cikin wane addini za a tashe shi? Alkawarin "ba zan hana ki zuwa majami'a ba" nasa ne shi kaɗai, ko har da uwarsa da danginsa? In ya ƙaro mata, wanda addininsa ya halatta masa, kin shirya? Na ga waɗanda suka shiga da wannan alkawari, kaɗan ne ƙwarai muke gani ran Lahadi bayan shekara biyu.

Kada ki zauna a ɗaki kina ƙirga shekaru. Ki riƙe sana'arki ko karatunki, ki je tarurrukan matasa na yanki da na ƙasa, ki bar iyaye mata na zumunta da kika yarda da su su san kina so. Haɗa aure ta hannun manya ba tsohon yayi ba ne, bawan Ibrahim ma tafiya ya yi takanas don ya nemo wa Ishaku mata. Ku kuma samarin ikilisiya da ke shekara uku kuna zance ba ku turo manya ba, ku ji tsoron Allah, ku faɗi matsayinku.

Ta yaya zan san nufin Allah? In jira mafarki ne?

Mafi yawan nufin Allah a rubuce yake: ka yi gaskiya, ka guje wa fasikanci, ka girmama iyaye, ka yi aiki, ka yafe. Wanda ke taka waɗannan yana neman wahayi a kan wace sana'a zai yi, ya fara daga inda bai kamata ba.

A abin da ba a rubuta ba, kamar zaɓi tsakanin koyarwa da kasuwa, ka roƙi hikima kamar yadda Yakubu 1:5 ta ce, ka nemi shawarar mutum biyu ko uku da suka san ka kuma ba sa tsoron ɓata maka rai, ka dubi baiwarka da halin gidanku, sa'an nan ka yanke. Allah yana iya magana ta mafarki, ya yi da Yusufu. Amma ka yi nesa da duk mai ce maka ya ga aurenka ko aikinka a wahayi, sai ka kawo kuɗi a buɗe maka hanya. Boka ne, ko da Littafi na hannunsa.

Na fara samun kuɗi. Iyaye na jira, ƙanne na jira, ga zakka. Ta ina zan fara?

Ka fara da takarda da alƙalami, ran da kuɗin suka shigo, kafin ka fita fada. Ka ware na Allah da farko, da yardar rai, ko jika goma ce ka samu. Ka yanka wa iyaye abin da za ka iya bayarwa kowane wata ba fashi; ƙaramin abu mai zuwa kullum ya fi babban da ke zuwa sau ɗaya. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu fakewa da baiko don su hana iyayensu, saboda haka kada wani ya ce maka ba da kuɗi a majami'a ya sauke maka haƙƙin uwa. Sa'an nan ka ɓoye wani abu, komai ƙanƙantarsa. Waɗanda ke cin abinci ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya sun ga yadda rufe iyaka a 2019, da kuma bayan Yulin 2023, ya tsayar da ciniki dare ɗaya.

Ka koyi cewa "ba ni da shi yanzu" cikin ladabi. Ba rowa ba ce.

Abokaina na fada duk Musulmi ne. Wasu a ikilisiya na cewa in rabu da su.

Kada ka rabu da su don addininsu. Tare kuka taso, su za su fara zuwa in gobara ta tashi a gidanku, da yawanmu kuma kawunnanmu da gwaggonninmu Musulmi ne. Ka je suna, ka je gaisuwar mutuwa, ka yi musu barka da salla, ka kai musu abincin Kirsimeti. In sun tashi salla ka tsare musu butar shayi. In sun tambaye ka dalilin begenka, Bitrus ya ce ka amsa da tawali'u da ladabi. Gardamar cin fuska ba ta taɓa jawo kowa ba. Fadar da za ka bari ita ce wadda ake shan ƙwaya ko caca, ko ta su wane ne.

Na san akwai tsoro. Muna tuna majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, da wadda aka cinna wa wuta a unguwar Zariya a nan Maraɗi cikin Yunin 2019. Ba zan ce ku manta ba. Ku dai tuna har da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu bi a ɗakunansu a irin waɗannan ranaku, kada ku ɗora wa abokin wasanku laifin taron da bai shiga ba.

Na riga na faɗi. Akwai ciki a tsakaninmu, ba mu yi aure ba. In daina zuwa sujada?

Kada ka daina, kada kuma ku ƙara zunubi a kan zunubi don rufe kunya. Ku nemi dattijo ko uwa ɗaya a ikilisiya da ke iya riƙe magana, ku faɗa tun yau, ita kuma ta fara zuwa awo. Wataƙila za a dakatar da ku daga jibin Ubangiji ko ƙungiyar mawaƙa na wani lokaci. Ku karɓa, horo ne na gida, ba kora ba ce. Kai namiji, kada ka bar ta ta ɗauki kunyar ita kaɗai alhali kai kana zaune a benci kamar ba ruwanka. A nan ne za a san ko ka girma. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta. Dawuda ya faɗi faɗuwa mai muni, Zabura 51 kuma addu'arsa ce ta komowa. Ku karanta ta tare.

Na gaji. Ina addu'a kamar da bango nake magana.

Ka faɗa wa Allah haka ɗin. Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, Zabura 88 kuwa cikin duhu ta ƙare, kuma duka an bar mana su a Littafi. Da Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, abinci da barci aka fara ba shi kafin magana. In ka kai ga ba ka barci, ba ka cin abinci, ko tunanin kashe kanka na zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: gaya wa wani yau, ku je asibiti tare. Ciwo ne da ake magani, ba ƙarancin bangaskiya ba.

Malam, kai yanzu hankalinka ya kwanta ke nan?

Bai kwanta duka ba. Abin da ke tada ni da dare ne ya sauya. Da BAC ne da aiki da aure, yanzu kuwa babbar ɗiyata ce da za ta zauna jarrabawar BEPC ta gama kwaleji bana, da mahaifiyata da idonta ke raguwa, da filin da na saya shekara shida ke nan ban wuce harsashi ba. Ina karanta Matiyu 6 yau da bukata irin wadda na karanta ta ina ɗan shekara 20.

Abin da ya ƙaru gare ni shi ne abin tunawa. Ina da wani tsohon littafin rubutu da nake sa roƙe-roƙena da kwanan wata tun ina malamin kwantiragi. Wasu an amsa cikin mako, wasu bayan shekara tara, wasu an amsa da a'a kuma sai daga baya na gode, akwai kuma guda biyu da har yau ban gane dalilin shirun ba. Ran Asabar mai zuwa zan zo da shi, duk mai so ya buɗa ya duba. Ku ma kowa ya zo da sabon littafi da alƙalami, za mu rubuta shafin farko tare bayan an sauke shayi na biyu.